Shin masu shan siga sun ci riba da Gore ya sallama wa Bush?

Alhaji Na-Tampa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina nan kan bakata: daren 13 ga Disamba 2000, da Al Gore ya fito a talabijin ya sallama wa George Bush bayan kwana 36 ana ja-in-ja kan ƙuri'un Florida a zaɓen shugaban ƙasa, masu shan tabar siga (babbar taba mai kauri da ake naɗawa da ganyen taba, ba sigari ba) a Amurka sun ci riba. A shagunan da nake zuwa a Ybor City, unguwar masu naɗa siga a birnin Tampa na Florida, washegari kowa fuskarsa a sake take, kuma da dalili. Gwamnatin Clinton da Gore ta sa taba a gaba. Ta so hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ta riƙa iko da taba, sai da Kotun Ƙoli ta taka mata birki a watan Maris 2000. A 1999 ta maka kamfanonin sigari a kotu. A watan Yuni 2000 aka sa manyan kamfanonin siga bakwai su fara manna gargaɗi a kwalayensu. Da Gore ya hau, abin da zai biyo baya sai ya fi haka.

Baban Hanifa: Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe, da girmamawa, ban yarda ba. Wace siga kake nufi? In ta Kyuba ce, Bush ne ya ƙara ɗaure ta. Kafin 2004, wanda ya je Kyuba da izini yana iya dawowa da kayan dala 100, har da siga. A 2004 gwamnatin Bush ta soke wannan, ta mayar da ziyarar dangi sau ɗaya a shekara uku, ta kuma bayyana cewa Ba'amurke ko a Landan ko a Toronto yake, bai halatta ya sayi sigar Kyuba irin su Cohiba ba. Ina ribar?

Alhaji Na-Tampa: Takunkumin Kyuba ba Bush ya ƙirƙira ba, ɗana. Kennedy ne a watan Fabrairu 1962, shi ma sai da ya aiki kakakinsa Pierre Salinger ya sayo masa kara 1,200 na H. Upmann kafin ya sa hannu. Clinton kuma shi ya sa hannu a dokar Helms-Burton a 1996, wadda ta mayar da takunkumin doka, ta yadda shugaban ƙasa shi kaɗai ba zai iya ɗage shi ba. Ko Gore ne ya hau, Cohiba ba za ta shigo kanti ba.

Baban Hanifa: Haka ne, Alhaji, amma akwai bambanci tsakanin wanda ya gāji ƙofa a rufe da wanda ya ƙara mata kwaɗo. Obama ya dawo da dala 100 a ƙarshen 2014, ya cire iyakar gaba ɗaya a 2016, Trump ya sake haramtawa a Satumba 2020. Ka duba jam'iyyar kowannensu.

Kawu Bala: Ku biyun kuna kewaya abin da ya fi muhimmanci. Bush bashi ya ci a Miami, kuma a 2004 biya ya yi. Ku tuna Elián González, yaron nan ɗan Kyuba da aka tsinta a teku bayan mahaifiyarsa ta nitse. Da asubahin 22 ga Afrilu 2000 jami'an tarayya suka kutsa gidan danginsa a Little Havana, unguwar 'yan Kyuba a Miami, da bindigogi suka ɗauke shi, aka mayar da shi ga mahaifinsa. Gore ya yi ƙoƙarin raba gari da Clinton a kan batun, amma 'yan Kyuban Miami ba su saurare shi ba, kusan kashi 80 cikin 100 Bush suka zaɓa. Tazarar da aka tabbatar a Florida ƙuri'a 537 ce, cikin kusan miliyan shida. To su wane ne waɗannan mutanen? Cikinsu akwai iyalan da Castro ya ƙwace wa gonakin taba da masana'antu a 1960, suka sake kafa sana'arsu a gudun hijira. José Orlando Padrón ya buɗe nasa kamfanin a Miami a 1964, daga baya ya kai noma Nikaraguwa. Muddin takunkumi na nan, babbar kasuwar siga ta duniya tana hannun masu naɗi a Nikaraguwa da Honduras da Jamhuriyar Dominika, ba mai gogayya da su daga Habana. Don haka riba kam an ci, amma mai naɗawa da mai sayarwa ne suka ci. Mai sha bai samu zaɓi ba.

Ɗan Damagaram: Kawu, ni a Faransa nake, Montecristo na Kyuba a shagon unguwa nake saye ba wanda ya taɓa tambayata. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Yaya mutum zai kunna siga don murna alhali an dakatar da ƙirga? A ranar 9 ga Disamba Kotun Ƙoli ta tsayar da sake ƙirgar da kotun Florida ta umarta, a ranar 12 ta rufe maganar da alƙalai biyar a kan huɗu. Gore ya fi Bush ƙuri'ar jama'a da sama da rabin miliyan a faɗin ƙasar. A gundumar Palm Beach, takardar zaɓe mai fiffike biyu ta ruɗar da mutane har Pat Buchanan, ɗan takarar wata ƙaramar jam'iyya, ya samu sama da ƙuri'a 3,400, shi da kansa ya ce ba duka nasa ba ne.

Alhaji Na-Tampa: Alƙalai bakwai ne suka ga matsala a yadda kowace gunduma ke ƙirga da nata ma'aunin, a kan mafita ne suka rabu biyar da huɗu. Kuma manyan jaridu sun sa an sake duba kimanin takardu 175,000 da aka ƙi ƙirgawa, sakamakon ya fito a Nuwamba 2001. Da an yi ƙirgar gundumomi huɗun da Gore ya nema, Bush ne dai zai ci.

Ɗan Damagaram: A ƙarasa faɗa, Alhaji. Wannan binciken ya kuma nuna da an sake ƙirga jihar baki ɗaya, har da takardun da aka ce an dangwala sau biyu, Gore ne zai wuce da ƙyar.

Kawu Bala: Gaskiyarka. Mu da muka ga 1979, lokacin da Kotun Ƙolin Najeriya ta yi lissafin sha biyu da biyu bisa uku na jihohi 19 ta tabbatar wa Shagari a kan Awolowo, mun san irin tabon da hukunci irin wannan ke bari. Wanda aka kayar ba ya mantawa. Amma kada a manta Gore ya faɗi a jiharsa ta Tennessee, wadda da ya ci ta, ba ya buƙatar Florida. Ralph Nader, ɗan takarar wata ƙaramar jam'iyya, shi ma ya kwashe sama da ƙuri'a 97,000 a Florida.

Hajiya Nas: Yayyena, ku ba ni dama. Ni ba na sha, mijina ne ke sha, kuma aikin jinya nake yi. Ana ta cewa Gore maƙiyin taba ne kamar ƙiyayya ce kawai. A da gidansu a Carthage, jihar Tennessee, taba suke nomawa. Yayarsa Nancy ta fara shan sigari tun tana yarinya, ciwon dajin huhu ya kashe ta a 1984. Na san an soke shi cewa iyalin sun ci gaba da cin kuɗin taba shekaru bayan rasuwarta, kuma sukar tana kan hanya. Duk da haka gargaɗin da aka manna a kwali gaskiya ne: siga na jawo dajin baki da na maƙogwaro ko da ba a zuƙa hayaƙin zuwa huhu ba. Na yi jinyar masu irin wannan ciwo. Ban ga asarar da mai sha ya yi don an gaya masa ba.

Alhaji Na-Tampa: Hajiya, ba na musu da ke a kan lafiya, Allah Ya kare mu. Amma ga hujjata babba. A 2007 majalisa ta kawo dokar faɗaɗa inshorar lafiyar yara, za a biya da harajin taba, kuma harajin siga zai tashi daga ƙasa da santi biyar a kara zuwa har dala uku. Bush ya hau kujerar na ƙi sau biyu, a Oktoba da Disamba. Obama na hawa ya sa hannu a Fabrairu 2009, aka tsayar da iyakar a kusan santi 40. A shekarar nan masana'antar Hav-A-Tampa, wadda ta haura shekara ɗari, ta rufe, ma'aikata kusan 500 suka rasa aiki. Wasunsu na san su ido da ido.

Baban Hanifa: Rufewar ta yi ciwo, ba shakka. Sai dai Bush ba don siga ya ƙi ba, cewa ya yi dokar na jan ƙasa zuwa kiwon lafiya na gwamnati. Kuma wanda ya fi takura mai sha ba Fadar White House ba ce. Masu zaɓe a Florida da kansu suka amince da hana shan taba a wuraren aiki da gidajen abinci a 2002, lokacin ƙaninsa Jeb Bush na gwamna. A New York kuma magajin garin Bloomberg ne ya hana a 2003, a lokacin yana jam'iyyar Bush.

Hajiya Nas: Kuma Alhaji, wannan dokar da aka ƙi sau biyu, ta yaran da iyayensu ba su da halin biyan asibiti ce. Sun jira sama da shekara guda kafin a faɗaɗa musu ita. In za a lissafa ma'aikatan Tampa, a lissafa su su ma.

Alhaji Na-Tampa: A lissafa su, na yarda. Amma kuɗin jinyar yaran ƙasa kowa ya kamata ya biya daga babban asusu, ba a ɗora shi kan sana'a ɗaya da ta riga ta raunana ba. Ybor City da a 1929 ta naɗa kara kusan miliyan 500, yau babbar masana'anta ɗaya ta rage a Tampa, ta J.C. Newman. Shekara takwas na Bush numfashi ne suka ba masu wannan sana'a, kuma a kan wannan nake tsaye.