Kafin ka sa hannu a gwajin magani, ga abin da muka tattaro

A hirarmu kan gwajin magani kusan kowa sai da ya ambaci Kano 1996, lokacin annobar sanƙarau da kamfanin magunguna na Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, 11 suka rasu, iyaye da yawa suka ce ba a gaya musu gwaji ba ne, wallahi abin har yanzu yana ci mana rai kuma yana cikin abin da ya sa aka ƙi allurar foliyo a 2003.

Shawarar da ta fi yawa ita ce kar ka dangwala yatsa a takardar da ba ka gane ba, a karanta maka da Hausa ko yarenku a gaban shaida, ka tambaya hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC da kwamitin ɗa'ar bincike (mai kare haƙƙin waɗanda ake gwajin da su) sun amince? In yaro ya samu matsala wa zai biya magani? Yardar mai unguwa ko liman ba ta maye taka ba, yaron ma in ya yi wayo a tambaye shi. Kana da ikon fita duk lokacin da ka so kuma ba za a hana ka kulawar asibiti ba, kofin takardar ma ka karɓa ka ajiye.