Faifan kiɗan gargajiyar Italiya: da wanne zan fara?

Ɗan Birni: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman sababbin faifan kiɗan ƙauyen Italiya, ba opera ba. Ta ina zan fara?

Mai Kalangu: Wa'alaikumus salam. Fara da pizzica, kiɗan rawar yankin Salento a kudu. Nemi ƙungiyar Canzoniere Grecanico Salentino, wadda aka kafa a 1975: faifansu Quaranta na 2015, sannan Meridiana na 2021. Gishirin kiɗan shi ne tamburello, ganga mai fuska ɗaya da ƙananan kacau-kacau na ƙarfe a gefenta. Kada ka saurara da lasifikar waya, Malam. Ƙarar ƙarfen ce kawai za ta cika maka kunne, dukan fatar ya ɓace. Sa abin saurare na kunne.

Baba Sitidiyo: Gaskiya ne, matsalar ma tun daga ɗaukar sautin take farowa. In aka ɗora makirfo gab da bakin gangar, ƙarfen ke danne komai. Ana sa shi ta bayan fatar, tazarar kamar taƙi guda. In da laima a ɗakin, fatar kan saki, sai an ɗan gasa ta.

Uwar Biki: Kada ku manta da tsibirin Sardiniya. Cantu a tenore salon waƙarsu ne na can, maza huɗu a da'ira, ba kayan kiɗa: ɗaya na jan baiti, uku na amshi, biyu cikinsu da muryar maƙogwaro. UNESCO ta karrama shi a 2005. Nemi ƙungiyar mawaƙan Tenores di Bitti.