Wai sana'a ce? Rigimar da ta tashi a zauren 'yan ajinmu

Ɗan Fagge: Salamu alaikum 'yan aji. Yau shekara ɗaya cur da na fara ajiye littafi a kan wasan kartar da nake yi a nan Ingila, wanda ake kira foka. Duk daren da na zauna sai na rubuta nawa na shiga da shi, nawa na fita da shi, awa nawa na yi, da wautar da na tafka. Zama 94 na yi. Bayan an cire abin da gidan ke yanka a kowane zagaye da kuɗin mota, fam 1,900 ya rage min. A watan Maris kaɗai fam 700 suka tafi, har barci ya gagare ni. Da na bi littafin sai na ga yawancin asarata bayan ƙarfe biyun dare take zuwa, idan an ci ni ina riƙe da karta mai kyau, zuciya ta ɗebe ni na ce sai na rama. Amma ba wannan ya kawo ni ba. Na tura wa Yaya kuɗi a gyara wa Hajiya rufin ɗaki kafin damina, ya dawo min da su, wai ba za a rufe uwarmu da kuɗin caca ba. Alhali daga albashina na sito na cire. Shekara tara ina aike, ba wanda ya taɓa tambayata daga ina. Ni dai sana'ar gefe na ɗauki abin nan, kamar mai yin kabu-kabu bayan ya tashi daga ofis.

Baban Hanifa: Sana'a?

Baban Hanifa: A'a, ku taya ni karantawa ko idona ne. Sana'a ya ce?

Malam Sani: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ɗan uwa, da caca ka kira ta, ka ce a taya ka da addu'a, da ba wanda zai ce maka uffan. Amma sana'a? Suratul Ma'ida aya ta 90 ta jera giya da caca da gumaka da kiban ƙuri'a, ta ce ƙazanta ne daga aikin Shaiɗan. Baƙara aya ta 219 ta ce akwai ɗan amfani a ciki, amma zunubin ya fi amfanin girma. Fam 1,900 ɗin nan shi ne ɗan amfanin.

Injiniya: Allah ya gafarta Malam, hukunci naku ne, ban taɓa shi ba. Amma mu yi wa kalma adalci. Sana'a ai abin da ake koya ne, wani ya fi wani iyawa. Foka ba irin jefa kwabo ba ce. Karta 52 ce, a ba kowa biyu a rufe, a shimfiɗa biyar a tsakiya: uku tare, sannan ɗaya, sannan ɗaya. A kowane mataki kai za ka zaɓa, ka ƙara kuɗi, ka bi, ko ka ajiye. As biyu, wato karta biyu masu alamar A, hannun farawa mafi ƙarfi, sau ɗaya yake zuwa cikin rabo 221, kuma ko da shi, idan ka haɗu da mai sarki biyu zai ci ka kusan sau ɗaya cikin biyar. A dare ɗaya sa'a ce ke mulki, a shekara lissafi ne. A 2017 wata kwamfuta mai suna Libratus, ta jami'ar Carnegie Mellon, ta yi kwana 20 tana wasa da ƙwararru huɗu a Pittsburgh, ta lallasa su. Kwamfuta tana da sa'a ne?

Baban Hanifa: Yankan aljihu ma koyonsa ake yi, kuma wani ya fi wani iyawa. Mu buɗe musu ƙungiya ke nan?

Injiniya: Ɗan sane ba ya neman yardarka kafin ya sa hannu. Wanda ya zauna a tebur da ƙafarsa ya zo.

Malam Sani: Mai cin riba ma da yardar mai karɓar bashi yake ci.

Barista: Ko kotuna ba su daidaita a kan wannan ba. A Landan a 2007 an gurfanar da mai wani kulob da ke shirya foka ba lasisi, ya kare kansa da cewa wasan ƙwarewa ne, kotu ba ta karɓa ba, aka same shi da laifi. A 2012 wani alƙalin tarayya a New York, Jack Weinstein, ya ce ƙwarewa ta rinjayi sa'a a cikinta. Shekara na zagayowa kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncinsa, ta ce ko da ƙwarewar, dokar caca ta hau kanta.

Baban Hanifa: To Barista, kai kana ina?

Barista: Ni sai an biya nake ɗaukar ɓangare.

Maman Sultan: Ku bar kotun Turawa, ku zo nan. Ɗan Fagge, awa nawa kake yi a zama ɗaya?

Ɗan Fagge: Kamar shida, Hajiya.

Maman Sultan: 94 sau 6, awa 564 ke nan. Raba 1,900 da shi, fam uku da 'yan canji ne a awa. Ƙanina yana can, ya ce mafi ƙarancin albashi ya haura fam 11 a awa. Wato da wanke-wanke ka tsaya yi da ka ninka wannan sau uku, kuma ka yi barcinka. Ni da nake sayar da atamfa, in lissafina ya fito haka rufe shago zan yi. Ban kira ta haram ba, ban kira ta sana'a ba, wahala ce.

Ɗan Fagge: Shekarar farko ce Hajiya, koyo nake. Chris Moneymaker akawu ne kawai a Tennessee, da 'yan daloli ya shiga ta intanet, ya samu kujerar dala 10,000 a gasar duniya ta Las Vegas a 2003, ya tashi da dala miliyan 2.5.

Barista: Ka ambaci wannan, ka tsallake Stu Ungar. Sau uku ya ci wannan gasar, 1980 da 1981 da 1997. A 1998 aka tsinci gawarsa a ɗakin wani ƙaramin otal a Las Vegas, duk dukiyar ta ƙare.

Injiniya: Ƙwaya ce ta kashe shi, da cacar dawaki da ta wasanni. A karta ba a cin shi.

Malam Sani: Ka ga kai ma da bakinka ka haɗa su gida ɗaya.

Na Zariya: Ni dariya ma kuke ba ni. Laifi tudu ne. Baban Hanifa, ranar Asabar wa na gani a shagon cacar ƙwallo, riƙe da takarda mai tsawon carbi?

Baban Hanifa: Caji na je yi. An ɗauke wuta.

Na Zariya: Da takardar ake cajin?

Baban Hanifa: Ko na yi, ban taɓa fitowa na kira ta sana'a ba. Bambancin ke nan. Kuma Bazazzagi ne zai koya min tsoron Allah?

Na Zariya: Daga Zariya ilimi ke zuwa muku, ku kuma ku sayar. Da Hisba ta rufe shagunan nan a Kano a 2024, waye ya yi kwana uku ba ya magana a zauren nan?

Maman Sultan: Ni kuma ina da tambaya. Masu kwana suna dangwalar waya suna haƙon kirifto, da wanda ya tara mana kuɗi bara ya ce za su ninka cikin wata uku, su wace sana'a suke yi?

Alhaji Admin: Hajiya, wannan kasuwanci ne, akwai saye akwai sayarwa. Kada a haɗa.

Maman Sultan: To ina dubu hamsin ɗina, ranka ya daɗe?

Alhaji Admin: Kasuwa ce ta faɗi, ba ni kaɗai ba ne. Wannan maganar ta bayan fage ce, ki kira ni.

Maman Sultan: Na kira sau huɗu.

Na Zariya: Nawa talatin ne, tunda an buɗe faifan.

Injiniya: Abin da nake faɗa ke nan tun ɗazu. Shi Ɗan Fagge ya san lissafin abin da yake sa kuɗinsa, har littafi gare shi. Ku da kuka ba Alhaji, wa ya san sunan abin da aka saya?

Malam Sani: Ɓarnar wani ba ta halatta ta wani. Kuma Injiniya, tun muna aji uku kake kare duk abin da Ɗan Fagge ya yi, har ranar da ya fasa tagar ɗakin karatu.

Injiniya: Ba shi ya fasa ba, kuma ka san wanda ya fasa.

Baban Hanifa: Ni ba na makaranta ranar.

Na Zariya: Wa ya ambaci sunanka?

Ɗan Fagge: Jama'a, ni fa maganar rufin Hajiya na kawo. Ɗakin yana yoyo ta kusurwar gado, da roba take tarar ruwa. Wa zai je ya yi wa Yaya magana?

Baban Hanifa: Ka fara janye kalmar sana'a.

Ɗan Fagge: Ban janye ba.

Baban Hanifa: To ruwa ya ci gaba da zuba.

Maman Sultan: Haba Baban Hanifa, tsohuwa fa ake magana. Wannan bai dace ba.

Baban Hanifa: Wasa nake, Hajiya uwata ce ni ma. Amma dai ba sana'a ba ce.

Alhaji Admin: To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. Na farko, kowa ya amince cewa foka caca ce ba sana'a ba, kamar yadda Malam ya kawo ayoyi, Barista kuma ya tabbatar da cewa kotunan Turawa ma haka suka yanke. Injiniya ya kawo labarin wata kwamfuta, amma bai shafi maganar ba. Hajiya Maman Sultan ta yi lissafi mai kyau a farko, Allah ya saka, sai dai daga baya an shigo da batutuwan da ba su da alaƙa da zauren nan, kuma an yi bayani gamsasshe cewa kirifto kasuwanci ne da ke da riba da faɗuwa. Maganar taga da ta shagon ƙwallo duk an yafe wa juna. Ɗan Fagge, muna ba ka shawara ka nemi afuwar Yaya, in kuma kana neman inda za ka juya fam 1,900 ɗin nan ta hanya mai tsafta, ka same ni ta gefe. Na rufe zaure zuwa bayan sallar Asuba, admin kaɗai ke iya rubutu.