Fallen katakon tsohuwar durowa salon Louis XVI yana ɗagowa

Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar durowa ƙirar Faransa, salon zamanin Louis XVI, sarkin Faransa wanda ya yi sarauta daga 1774 zuwa 1792. Ƙafafunta miƙaƙƙu ne masu tsaga-tsaga, suna sirancewa zuwa ƙasa, samanta dutsen marmara, hannayen aljihunanta kuma tagulla ce mai ruwan zinare. An lulluɓe jikinta da siririn fallen katakon mahogani, an liƙa shi da gam na fatar dabba irin na da.

Tunda hunturu ya shigo fallen ya fara ɗagowa a gaban aljihun sama. Wurin ya kumbura kamar bororo, idan na ƙwanƙwasa da farce sai in ji holoƙo, ga wata siririyar tsaga tana bin gefen makullin.

Na ajiye kwanon ruwa a ƙarƙashinta don ɗakin ya samu laima, ba ta canja zani ba. Na ɗora ƙyalle mai ɗanshi na bi da dutsen guga mai ɗumi don tsohon gam ya narke, sannan na matse wurin ya kwana. Ya kwanta, washegari ya sake tashi, kuma sheƙin wurin ya yi fari-fari. Kafinta ya ce a zuba farin gam na zamani, na ƙi, domin shi cire shi daga baya aiki ne, ba kamar na fata da ɗumi da laima ke sassautawa ba. Abin yana damuna ƙwarai.

Ta yaya zan shigar da sabon gam na fata ƙarƙashin fallen ba tare da na yanka shi ko na ƙara ɓata sheƙin ba? Na gode.