Shafin tarba a dandalin musayar kallo: kowa ya faɗi abin da ya gani

Ɗan Gujungu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da shagon cajin waya a gefen kasuwar Gujungu, in ba ranar Lahadi ba zaman ya fi aikin yawa, shi ya sa na shiga dillancin intanet. Kayan wani nake tallatawa, duk wanda ya saya ta mahaɗina a ba ni la'ada. Wani abokina ya nuna min dandalin musayar kallo, irin wanda za ka kalli shafukan mutane a ba ka maki, ka kashe makin a kalli naka. Lambar masu kallo sai hawa take, amma ko sallama ba wanda ya yi min, balle ciniki. Shafin kamfanin da nake wa dillanci na saka kai tsaye. An ce sai na yi ɗan ƙaramin shafin tarba a gabansa. Don Allah waɗanda suka taɓa yi, me kuka sa a ciki, me kuma ya biyo baya? Wanda ya gwada da hannunsa nake nema, ba mai "an ce" ba.

Malamin Firamare, Ringim:
Wa'alaikumus salam. Ƙanena, kafin ka taɓa shafi ka tambayi kanka: lokacin da kake kallon na mutane, ina idonka yake? Ni dai nawa a kan agogo yake. A dandalin EasyHits4U, wanda tun 2003 yake aiki, daƙiƙa 20 kake jira in kana son kowane kallo ya ba ka maki ɗaya, ko daƙiƙa 15 in ka yarda kallo biyu su ba ka maki ɗaya. Agogo na cika ka danna hoton da aka nuna maka, ka wuce na gaba. To haka shi ma na can yake yi wa naka. Bai zo saye ba, makinsa ya zo nema.

Shafin kamfani kuwa dogo ne, ga bidiyo, ga yabon waɗanda suka saya, farashi can ƙasa. An gina shi ne don mutumin da ya zauna da niyyar karantawa. Sannan shi ɗin dai sauran dillalai suke sakawa, mai kallo ya gan shi har ya gundure shi. Kai kuwa kamar mai tallan rake kake a bakin titi, mota ta ɗan rage gudu: ba lokacin ba da labarin gona ba ne, ɗaga raken za ka yi a gani.

Nawa shafin ga abin da ke ciki: babban layi ɗaya, ƙananan layuka biyu, maɓalli ɗaya. Komai a cikin allo, ba sai an ja ƙasa ba, don sandar agogon ma tana cinye wani yanki. Abin da ya fi canza min al'amari shi ne na sa maɓallin ya buɗe a sabuwar taga. Mutum ba ya son ya rasa makinsa, in ya san dannawa ba za ta katse masa kallo ba sai ya danna, ya koma daga baya ya duba.

Maman Hanifa, Dambatta:
Malam ya yi magana, amma akwai abin da ya fi fasalin shafi. Ni kwas ɗin kiwon kaji nake tallatawa, na wata baiwar Allah da ta ɗora a Selar, dandalin sayar da kwas da makamantansa, farashi da naira. Na zauna na tsara shafi mai kyau a manhajar zane ta Canva, da hoton 'yan tsaki, launi ya zauna. Shiru. Da na fara lura da shafukan da ni nake kallo sai na ga kusan duka na mutanen Amurka ne da Indiya da Turai, kuma kowa abu ɗaya yake sayarwa, wato yadda za ka samu kuɗi ko maziyarta a intanet. Mutumin da yake zaune a can yana tara maki ina ruwansa da yadda ake ɗumama 'yan tsaki da gawayi a lokacin hunturu?

Sai na ɗauke shafin ɗungurungum na mayar da shi hoto ɗaya a sitatus ɗina na WhatsApp, layi ɗaya da mahaɗi. Matan unguwarmu da 'yan ƙungiyar adashinmu su suka saya. Darasin taƙaita magana a dandalin na koya, ban musa ba, amma kuɗin ba daga can ya zo ba.

Ɗan Gujungu:
Hajiya kin taɓo ni, domin ni ma kwas ne na naira, na koyon sayar da kaya ta WhatsApp.

Malamin Firamare, Ringim:
Naka ya fi nata kusa da masu kallon, tunda su ma 'yan talla ne. Wasu dandalin suna ba ka damar zaɓar ƙasar da za a nuna shafinka. Ka zaɓi Nijeriya, kallon zai riƙa zuwa a hankali, amma wanda ya zo zai iya biya da naira.

Mai Gyaran Waya, Kazaure:
Ni ta ɓangaren nauyi zan shigo. Ƙauyenmu sai ka hau tudun bayan makaranta kake samun sabis mai ƙarfi, kuma wannan ya zame min ma'auni. Duk shafin da na yi, a tsakar gidanmu nake gwada shi. In ya buɗe kafin na ƙirga biyar, ya ci. In agogo daƙiƙa 15 ne kuma hotonka ya cinye goma yana sauka, me ya rage maka? Hoton da waya ta ɗauka yakan kai megabait uku ko huɗu, ka wuce da shi ta shafin rage nauyin hoto na TinyPNG ya ragu sosai ba tare da ido ya ga bambanci ba. Bidiyo kada ka sa. Sauti mai tashi da kansa ma haka, yawancin dandalin sun hana shi, da tagogin da ke faɗowa, da shafin da ke ƙoƙarin ƙwacewa daga firem ɗinsu, wato akwatin da suke nuna shafinka a ciki.

Maganar firem ɗin nan ka riƙe ta. Dandalin cikin firem yake nuna shafinka, kuma akwai shafukan da aka kulle su ba sa yarda a nuna su a firem ɗin wani. Wani yaro ya kawo min wayarsa yana cewa an kalli shafinsa ba adadi. Muka buɗe gwajin da dandalin yake bayarwa, sai farin allo fes da ɗan rubutun ƙin buɗewa. Makinsa duk a kan farin allo ya ƙare. Ɗan Gujungu, ka duba naka yau, mai yiwuwa shafin kamfanin ma bai taɓa bayyana ba.

Ɗan Gujungu:
Yaya, a ina ake gina shi ba tare da an biya ba? Kwamfuta ba ni da ita.

Mai Gyaran Waya, Kazaure:
Carrd yana ba da shafi mai fuska ɗaya kyauta, Blogger ma kyauta ne. LeadsLeap yana da wurin gina shafi da abin bin diddigin masu dannawa. Duk da waya na yi, sai dai haƙuri da ƙaramin allo.

Bahaɗeje:
Bari na zama mai ɓata biki. Tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025 na zauna na yi lissafi. Kowane maki da ka tara datarka ce ta saye shi, domin shafukan mutane masu nauyi kake saukewa, ga lokacinka, ga caji. Wanda ke da gona a fadama, awa biyu na kallon shafuka ba kyauta ba ce.

Na kuma gwada irin dandalin da manhaja ce take buɗe shafukan da kanta, ba sai mutum ya zauna ba. Lamba ta yi ta gudu har daɗi, amma ba ɗan'adam ko ɗaya a bayanta. In dole sai ka yi, ka tsaya a wanda mutum ne yake dannawa da hannu.

Dabara ɗaya da ta amfane ni: maɓallina WhatsApp yake kaiwa. Ana rubuta wa.me, sai 234, sai lambarka ba tare da sifirin farko ba, kuma za ka iya haɗa saƙon da zai fito wa mutum a rubuce. Na yi shafi biyu, babban layinsu kaɗai ya bambanta, kowanne da saƙonsa daban. Duk wanda ya yi min magana, daga kalmomin farko na san ta wane shafi ya shigo. Wanda na rubuta a matsayin tambaya ya fi wanda na yi alƙawari a cikinsa kawo mutane. Kada ka canza layi da launi da hoto a lokaci guda, ba za ka san wanne ya yi aikin ba.

Tsohon Dillali, Wudil:
Yara, ni a kara na yi dillancina ranar Juma'a, ɗana ne yake karanta min abin da kuke rubutawa. Ya nuna min wasu shafukan, hoton alat na banki da ba na mai shafin ba, da motar da ba tasa ba, wai za ka samu kaza a kwana kaza. Wannan algus ne, ko a kara ko a waya. Dillali da sunansa yake cin abinci. In saniya tana da tari ka faɗa, kuma kowa ya san kana da la'ada a kai. Ku ma ku rubuta cewa kuna da kaso in an saya.

Malamin Firamare, Ringim:
Allah ya ƙara girma Baba. Ni a ƙasan maɓalli na sa layin nan, ƙarami amma ana karanta shi, ban ga ya kori kowa ba. Hotona ma na sa, da hulata, saboda a cikin jerin shafuka masu hoton dala fuskar mutum ta gaske takan tsayar da ido.

Tunda Baba ya kawo maganar, ku yi hattara da dandalin da zai ce ka sayi ƙunshin talla ya riƙa biyan ka riba. An yi wani dandali mai suna Traffic Monsoon, ka sayi ƙunshi dala 50, ka riƙa danna talla kullum, a ce za a mayar maka da 55. A 2016 hukumar kula da hannun jari ta Amurka ta kai shi kotu, ta ce kuɗin sababbi ake biyan tsofaffi da shi, sama da dala miliyan 200 aka tara daga mutane a ƙasashe da dama. A ƙarshen 2016 ɗin ce MMM ta rufe wa mutane kuɗi a nan gida, kun dai tuna. Musayar kallo ta gaskiya kallo kawai take ba ka.

Ɗalibar Dutse:
Ƙari biyu. Duk mai tallan AdSense, wato tallan da Google ke sakawa yana biyan mai shafi, a shafinsa kada ya kuskura ya sa shi a musayar kallo, dokar Google ta hana, suna iya rufe asusun. Sannan ka karanta sharuɗɗan wanda kake wa dillanci, wasu ba sa karɓar irin waɗannan maziyartan.

Na biyu, ni ba na tura mutum wurin saye daga shafin tarba. Ɗan littafi na kyauta nake bayarwa, shafi huɗu, a ba ni imel. Akwati ɗaya kawai, ba suna ba lambar waya, don da na ƙara akwatin suna masu cikewa raguwa suka yi. Daga baya nake aika musu bayani a hankali har maganar kayan ta zo. Ka faɗa musu abin da za ka yi da imel ɗin, ka kuma bar musu hanyar fita, muna da dokar kare bayanan mutane tun 2023.

Ɗan Gujungu:
Na duba gwajin firem, shafin kamfanin yana buɗewa, amma farashi da maɓallin saye duk suna can ƙasa inda ba a gani. Yanzu na yi sabo: farin fili, baƙin rubutu, koren maɓalli zuwa WhatsApp, hotona a gefe, da layin la'adar da Baba ya ce. Babban layin da Turanci na rubuta, ma'anarsa "Koyi sirrin samun kuɗi da wayarka".

Bahaɗeje:
Cire "sirri", rabin shafukan da ke can da shi suke farawa. Kwas ɗinka na masu saka kaya a sitatus ne ana kallo ba a saye, to tambaye su hakan kai tsaye: mutane suna kallon sitatus ɗinka amma ba sa saye? Ka bar wancan a matsayin shafi na biyu, ka raba musu maki daidai, bayan kasuwar Lahadi ka zo mana da saƙonnin da suka shigo ta kowanne.