Matashin da ya raina duniya a littafi da talabijin

Malama daga Birni:
Assalamu alaikum. Ina koyar da Ingilishi a wata lise, wato makarantar sakandare, a nan Damagaram, kuma na lura ɗalibaina sun fi sha'awar labarin matashin da yake ganin duk manya munafukai ne. Shin wannan hali baƙo ne gare mu, ko mu ma muna da irinsa?

Tsohon malami daga Zango:
Wa alaikumus salam, ƴata. A adabin Amurka ana yawan komawa ga Holden Caulfield, tauraron littafin The Catcher in the Rye da J.D. Salinger ya fitar a 1951, yaro ɗan shekara 16 da aka kora daga makaranta ya yi ta gararamba a New York. Wanda ya karanta da natsuwa zai gane raininsa mayafi ne kawai, domin mutuwar ƙanensa Allie ce take cinsa a rai.

Ɗalibin jami'a:
Baba ya yi gaskiya, sai dai Daria, yarinyar nan mai tabarau ta shirin katun da tashar talabijin ta MTV ta Amurka ta nuna daga 1997 zuwa 2002, ta raina duniya ne cikin ƙoshi, a gidan iyaye masu hali. Namu ya bambanta. A fim ɗin gaskiya na Aïcha Macky mai suna Zinder, na 2021, samarin unguwar Kara-Kara ta nan Damagaram rashin aiki ne ya ɗaure musu fuska. Ƙanena ma haka yake zama a fada, wato majalisar samari, har dare yana dafa shayi, in an ambaci jarrabawa sai ya yi tsaki ya ƙara gawayi.