Idan matata ta haihu a Amurka, mu ma za mu samu takardar zama?

Baban Ilham:
Salamu alaikum ƴan uwa, dan Allah masu sani a taimaka min. Mai ɗakina na da ciki wata biyar, akwai wani ejan da yake ta bina wai in kawo kuɗi ya nema mata bizar yawon buɗe ido ta je ta haihu a Amurka, yace da zarar yaro ya samu fasfo ɗin can shikenan ni da ita an bamu takardar zama, har Ilham ma za a haɗa. Fili na ke shirin sayarwa a kan maganar nan shi yasa nace bari in tambaya tukunna. Gaskiya ne ko cika baki yake?

Alhaji na Bronx:
Wa alaikumus salam. Baban Ilham kar ka sayar da filin nan. Rabin maganarsa gaskiya ce, a nan yake kama mutane. Yaron da aka haifa a ƙasar Amurka ɗan ƙasa ne, wannan yana cikin gyara na 14 na tsarin mulkinsu tun 1868. Amma fasfon na yaron ne shi kaɗai, uwa ba ta samun komai, uba ma haka, balle Ilham. Sai ya cika shekara 21 cif sannan zai iya cike muku fom ɗin I-130 ya nema muku girin kad, wato takardar zama ta dindindin, kuma ko a lokacin sai ya nuna yana zaune a Amurka yana da samun da zai riƙe ku, akwai wani fom daban na ɗaukar nauyi da zai sa hannu. Lissafa shekarunka yanzu ka ɗora 21 a kai.

Sannan tun Janairun 2020 suka sa doka cewa in jami'in ambasi ya ga haihuwa ce ta kai mace don neman fasfo, ya hana ta biza. To me ejan zai ce mata ta faɗa a gaban gilashin? Ƙarya kenan, kuma in suka kama mutum da ƙarya a neman biza hanin na har abada ne, shi kuwa ejan ya riga ya ci kuɗinsa. In kuma ta shiga ta ƙi fitowa, wuce wa'adi da kwana 180 hanin shekara 3 ne in ta fita, in ya kai shekara ɗaya hanin shekara 10. Ban ma yi maganar kuɗin asibiti ba, nan haihuwa babu inshora dubban daloli ce, in aka yi tiyata kuwa sai addu'a. Ga kuma Trump da ya sa hannu a wani umarni a Janairun 2025 yana son soke ba jarirai ƴancin zama ɗan ƙasan ma in a cikin iyayen babu ɗan ƙasa ko mai girin kad, magana ta tafi kotu.

Maman Nana, Lyon:
Yaya, abin da Alhaji ya faɗa haka yake. Mutane suna haɗa Amurka da Turai ne shi yasa ake ruɗewa. Nan Faransa haihuwa kaɗai ba ta ba yaro ƙasa in iyayen duka baƙi ne, sai ya girma a nan, a shekara 13 iyaye su nema masa ko ya samu a 18. Amma in ɗaya daga cikin iyayen Bafaranshe ne, toh ɗayan yana iya samun katin zama saboda yaron, da sharaɗin ya nuna da gaske yana kula da shi, rasit na kuɗin makaranta, na kanti, takardar likita, duk sai ka tara a fayil ka kai musu. Wato nan fasfon yaro yana jan iyaye amma samun fasfon ne wuya, can fasfon ne mai sauƙi amma baya jan kowa. Ingila tun 1983 suka daina bayarwa da haihuwa, Ayilan ma da mata suka riƙa tururuwa zuwa Dublin sun yi ƙuri'a a 2004 sun rufe ƙofar.

Ɗan Makka:
Hmm ku zo ku ga namu a Saudiyya, an haifi mutum a Makka an haifi ubansa a Makka, Hausarsa ma ta koma rabi Larabci, amma har yau iƙama, wato katin zaman baƙi, yake sabuntawa, wani ma ko ita babu. Can jinin uba ake bi. Matar da ta haifa wa Basa'udiye ƴaƴa ita ce ake barinta ta zauna ba kafili.

Baban Ilham:
Innalillahi. Wlh har na kai dillali ya ga filin. Nagode Alhaji, nagode Maman Nana. To babu ƙasar da haihuwar ke ba iyaye zama kai tsaye kenan?

Alhaji na Bronx:
Akwai, Burazil. Yaro ɗan ƙasa ne, iyaye su samu izinin zama saboda shi, bayan shekara ɗaya da zama ma suna iya neman zama ƴan ƙasa in sun iya Fotugis. Amma zama ake nufi na gaske, ka tare can ka nemi abin yi. Shi ejan naka ka ce ya rubuta maka sunan dokar da ta ce za a baku takarda, ka turo nan mu gani.